Akushin Kaka a Kan Jinkar Rumbu

Abu na farko da idona ya faɗa a kai da na shigo gida a dogon hutun shekarar nan shi ne akushin Kaka. Yana kife a kan jinkar rumbu, an danne shi da dutse. Ruwan marka ya dake shi har baƙinsa ya fara komawa toka-toka, ɗan gwangwanin tumatir ɗin da aka ɗore tsagarsa da shi kuwa ya yi tsatsa. Na tsaya da akwatina a ka ina kallonsa. A gidanmu ba a ɗora abu a kan rumbu sai wanda aka gama da shi, tukunyar da ta huje ko ƙwaryar da ta tsage har gindi.

Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinke tafasa. Sunanta aka saka mini, shi ya sa take ce mini takwara, 'ya'yanta kuma suke ce mini Uwata.

"Takwara, ke ce? Matso in gani. Me suke ba ku a makarantar nan, alli?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ni ba mai magana ba ce. A makarantar kwanan da nake, akwai malaman da aka gama zango ba su san muryata ba. Sai da na daɗe ina juya maganar a baki kafin ta fito.

"Kaka, akushinki yana waje."

"Yana shan iska."

"Ruwa yana dukansa."

"To, yana shan ruwa. Je ki cire farin kayan nan kafin ki ɓata su, ba mu da sabulu."

Ba ta ɗaga kai ta dubi rumbun ba. Na lura ma ta juya kujerarta, ta ba shi baya.

Akushin nan ba na cin abincin gida ba ne, na ciyayya ne. Kullum da yamma idan an kwashe tuwo, Kaka takan sa malmala a ciki, ta zuba miya a gefe, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta, mai ja da kore, ta ba ɗaya daga cikinmu ya kai wa Iya. Iya ƙawarta ce tun suna amare. Gidanta yana can bayan kasuwa, kusa da kuka. Su masu zuwa coci ne, kuma ban taɓa ganin wannan ya hana akushi tafiya ba, sai dai da azumi yakan jira a sha ruwa. Iya takan juye tuwon, ta wanke akushin, ta sa nata abin a ciki, ta rufe, a dawo da shi.

Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana dokokin abin, amma kowane yaro ya san su. Ba a buɗewa a hanya. Ba a tambayar ɗan aike me ya ɗauko. Ba a kuma ɓoye shi a cikin mayafi. A tafin hannu ake ɗauka, daidai kafaɗa, kowa yana gani. Abincin da aka ɓoye sadaka ne, wanda aka ɗauka a fili a rufe kuwa zumunci ne, kuma babu tsohuwar da za ta rikita su.

Tun ina ƙarama na san akushin ya fi nauyi idan zai tafi. Hannuna ne ya gaya mini. Mijin Iya ya rasu, ɗanta ya tafi kudu neman aiki, saƙonsa sai jefi-jefi. A shekarun nan da damina ta yi ta yi mana gardama, taki ya gagari talaka, wani lokaci abin da ke dawowa ɗan garin kuka ne a ƙulle a ganye, ko goruba biyu. Kaka takan ɗaga faifan a cikin ɗaki, ta ce, "Kai, yau ƙawata ta yi bajinta," ta mayar ta rufe. Da haka Iya take samun na dare ba tare da ta roƙi kowa ba, kuma gari duka ya yarda cewa musayar girki kawai tsofaffin nan biyu suke yi.

Innarmu ce ta ba ni labari washegari, muna surfa 'yar masarar da aka auno. Ta ce da rani, ina makaranta, masu shirya fim suka zo daga birni da mota biyu, suna neman ƙauye. Baffa, autan Kaka, shi ne mai gidan kallon da ke bakin kasuwa, shi ya tarye su ya zaga da su. Suka ce suna son tsohon kwano irin na da, wanda ya ji jiki. Ranar Kaka ta tafi barka. Baffa ya shigo ya ɗauki akushi da faifai ya kai musu, kafin la'asar ya dawo da su inda suke. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Da fim ya fito, ya karɓu fiye da duk wanda aka taɓa kawowa garinmu. Wata ranar kasuwa ƙanwata tana dawowa daga gidan Iya da akushi, sai samarin da ke ƙofar gidan kallo suka tare ta, ɗaya ya ɗaga faifan kamar yadda ya ga an yi a fim. Abin da ke ciki ɗanyen zogale ne, bai fi cikin hannu ba. Suka yi ta dariya. Kafin magariba kowa ya ji cewa Iya ba ta da abin sa wa a akushi sai ganye.

"Ƙanwarki ta shigo da kuka," in ji Inna. "Kaka ta karɓi akushin. Ta juye zogalen ta ce a sa a miya, ta taka turmin nan da kanta ta ɗora shi can."

"Iya fa?"

"An gwada. Na sa tuwo a kwanon silba, na rufe da mayafina na kai da kaina. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni ruwa, ta ce in mayar, ita ta ƙoshi. Na sake komawa, haka." Ta gyara riƙon taɓarya. "Ba mu kaɗai ba ne. Leƙa lungun nan da yamma ki ga ko akwai kwano ɗaya da ke wucewa."

Na leƙa. A da, tsakanin la'asar da magariba, lungunmu kamar hanyar tururuwa yake, yara suna kai suna kawo da kwanuka a kafaɗa, wannan ya shiga nan, wancan ya fito can. Ranar ban ga kowa ba sai akuya. Wace uwa ce za ta yarda a buɗe kwanonta a tsakiyar hanya a irin wannan shekara?

Da ranar kasuwa ta zagayo aka ce in kai wa Baffa abincin rana, don matarsa tana gidansu wankan jego, daga tukunyarmu yake ci. Na nemi ƙanwata in tura ta, ashe tun da ta ga an ɗauko kwano ta ɓace. Ban kai rabin hanya ba yara suka fara bina. "Safe ɗaya, dare ɗaya," suke cewa, suna tafi. Ban san ma'anarsa ba tukuna, amma na ji kunnuwana sun yi zafi. Na rungume kwanon a ƙirji, abin da ba a yi.

Gidan kallon rumfa ce ta zana da langa-langa. Janareto yana tari a bayanta, lasifika tana ɗaure a kan sanda, kekuna sun jingina da juna har bakin hanya. Mata ba sa shiga. Baffa yana ƙofa a kan kujera yana karɓar kuɗin shiga, hularsa a ƙeya.

"Uwata, kin zo a daidai. Tsaya nan jikin zana, akwai kafa. Yau za ki ga gidanku a talabijin."

Na sa ido a kafar. Na ga katangarmu, har da wurin da ruwa ya zaizaye ta. Na ga wata yarinya ta ɓullo da akushin Kaka. An sa mata yagaggen zane, an shafa mata toka a fuska, amma dugaduganta sumul suke, babu ko faso ɗaya, kuma a ka ta ɗora akushin tana riƙe da hannu biyu kamar mai tallar koko. Sai mai barkwancin ya fito, wani dogo mai wushirya. Ya tare ta, ya shinshina iska, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗaga faifan da yatsa biyu. Aka matso da hoton har ya cika talabijin. Ga ɗorin gwangwanin nan, ga ƙananan ƙusoshin da kakanmu ya buga, ga wurin da bakin ya ɗan ɓalle. Duk wanda ya taɓa zama a garinmu ya san na waye. A tsakiya ga ɗan tuwo kamar ƙwan zabo. Mutumin ya ɗauko shi, ya ɗaga sama yana dubawa a hasken rana, ya tambayi yarinyar wane likita ne ya rubuta mata wannan, kuma yaya ake sha, safe ɗaya dare ɗaya ne?

Rumfar ta ɗauka. Wani ya faɗo daga benci. Wasu suna faɗin maganar tare da shi, alamar ba yau suka fara gani ba.

Ba zan ce mutumin bai iya aikinsa ba. Ya san inda zai dakata, ya san yadda zai karya wuya. Amma ni na daina kallon talabijin, na koma kallon masu kallo, don ta kafar nan gefen fuskokinsu nake gani. Akwai wani maƙwabcinmu a benci na gaba. Da safiyar ranar matarsa ta shigo gidanmu ta ja Inna gefe, ta fita da 'yar dusa a bakin zane, kuma ba su da ko tunkiya. Shi ya fi kowa ƙarfin dariya. Yana yi yana dukan cinyar na kusa da shi, yana waiwaye ya ga ko an ga yana dariya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kusan babu wanda ban san tukunyar gidansu ba. Wuyan rigunansu ya yi musu yawa. Kowa yana ƙoƙarin ya riga ɗan uwansa dariya, don kada a ce da gidansa ake.

Baffa ya buɗe kwanonsa yana ci, ni kuma ina tsaye ina jira.

"Yaya kika gani? Kin ga tunkiyar Innarku ta wuce ta baya?"

Na ci gaba da kallon kwanon da ke hannunsa.

"Ke fa matsalarki ke nan. An kai ki makaranta an sayar da bakin."

"Ba shi da kyau."

"Me?"

"Fim ɗin, Baffa. Ba shi da kyau."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ji 'yar boko. Leƙa ciki, akwai inda za ki ajiye ko ludayi? Tun safe nake juya shi, in ya ƙare in mayar. Daga ƙauyukan Bagwai ake tako keke a zo a gani. A birni kaset ya ƙare ƙaf, sai da aka sake bugawa, yanzu ma ana shirin na biyu. Duk mutanen nan ba su da hankali, ke kaɗai Allah ya ba?"

Na dubi ƙasa.

"Abin da ba shi da kyau ba ya cika rumfa, Uwata. Makon jiya na sa wani, na wani mai gadi da akuyarsa. Ni kaina sai da na yi hawaye don dariya. Wa ya shigo? Ko man janareto ban mayar ba."

"To wanne ya fi ba ka dariya?"

"Ni ba ni ake tambaya ba. Ƙofa ake tambaya."

Amsar da ta dace da wannan sai da na kai bakin rijiya ta zo mini, kamar yadda amsoshina suka saba. A gabansa abin da na iya cewa kawai shi ne, "Akushin yana kan rumbu."

Ya daina tauna. Na ga ya san maganar, ya kuma san na sani. "Wannan rigimar tsofaffi ce. Wasa ne fa. Tun yaushe aka hana wasa a garin nan?" Ya suɗe hannu, ya miƙo mini kwanon ba tare da ya dube ni ba. "Masarar da kuka surfa jiya, daga ina kike zaton ta fito? Daga rumfar nan. Har wannan da kika kawo mini."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na ci tuwon masarar nan, zan kuma ci da dare.

Shekaru sun wuce, na girma, na zauna a birni, amma har gobe idan na ji ana yabon fim ɗin barkwanci da cewa ya yi kasuwa, sai in ji muryar Baffa. Ƙofa ake tambaya. To me ƙofa ta sani? Ta san mutum ya shiga. Ba ta san me ya koro shi daga gida ba. A shekarar nan mutanen garinmu za su biya su shiga ko'ina muddin akwai inuwa da hayaniyar da za ta hana su jin cikinsu. Wanda ya shirya fim ɗin ya gane haka, ya kuma gane cewa babu dariya mai arha kamar wadda mutum yake yi don kare kansa. Ka ɗaga abin da kowa yake ɓoyewa, ka nuna shi a gidan wani, dole a yi dariya, don wanda ya yi shiru ya tona kansa. Wannan dabara ce, na yarda, kuma tana cika rumfa. Amma kada a ce mini ita ce kyau. Sun zo da mota biyu, sun ari kwanon tsohuwa ba da saninta ba, sun buɗe abin da ko mahaukacin garinmu bai taɓa buɗewa ba, sun koma birni ana yi musu kirari. Ba su ma tsaya sun tambayi yadda ake riƙe shi ba. Mu aka bari da lungu babu kwano.

Daga bakin rijiya ban wuce gida ba, na karkata zuwa gidan Iya. Na yi sallama a hankali. Kafin ta amsa idona ya kai kan murhu. Akwai sawun kaza a cikin tokar, shatar ƙafa sosai, har da wurin da ta yi birgima. Kaza ba ta wanka a tokar da ta ga wuta jiya. Tukunyar tuwo tana kife a gefe, gizo-gizo ya ja zare daga kunnenta zuwa bango. Wata 'yar ƙaramar tukunya ce kawai ke da alamar amfani, da ragowar koren ruwa a gindinta.

Iya tana tufka igiya a inuwa. Ta rame, zoben azurfar da ke hannunta ta naɗa masa zare don kada ya zame.

"Wa nake gani kamar ƙaramar ƙawa? Babbar ta mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Tana nan lafiya. Tana gaishe ki."

"Ƙarya kike. Da ita ta aiko ki, da zagi za ki fara. Zauna. Me aka ba ki a makaranta kika yi tsawo haka kamar karan dawa, babu kai?"

Na zauna a bakin tabarma. Ta dubi kwanon Baffa da ke hannuna, ta ga babu komai a ciki, sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"Daga rumfar ɗan banzan yaron nan kike. Kin gani?"

Na gyaɗa kai.

"Ni ban gani ba, labari aka ba ni. An ce wai tuwon kamar ƙwayar magani. Shi ke nan abin da ya iya? Don wannan aka ƙona mai tun daga birni?" Ta tofa yawu a tafin hannu ta ci gaba da tufka. "Ai da ni suka nema. Bara da marowaciyar kakar nan taki ta aiko mini da wata 'yar malmala, na ce a koma a gaya mata na ɗanɗana, gishiri ya ji, tana iya aiko da tuwon."

Dariya ta kuɓuce mini, na rufe baki.

"Kin san abin da ta aiko mini? Wai miyar da na ba ta shekaranjiya ta gode, ta leƙa ciki ta ga fuskarta, har ta gyara ɗaurin ɗankwali. Na ce to madalla, ta daɗe ba ta ga abin tsoro ba."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, irin wadda ban yi ba tun da na dawo. Ita ma ta yi, tana share ido da bakin zane. Maganar ɗaya ce da ta fim, ƙanƙantar tuwo da tsinkewar miya. Amma a nan ba wanda ya waiwaya ya ga ko ana kallonsa.

"Kin ga," in ji ta, "ni idan na zage ta, gobe akushi zai dawo mini da amsa. Shi wannan na cikin akwatin talabijin, ta ina zan rama?"

Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Inna ta ce kin mayar da tuwo."

"Uwarki yarinyar kirki ce, Allah ya yi mata albarka. Amma ta shigo mini da kwano a cikin mayafi kamar ta sato. Ni ban fara bara ba tukuna, ƙaramar ƙawa. Ni akushi na sani."

"Kaka tana tsoron a sake buɗewa ne."

"Na sani. Kunyata take ji mini. To ta ji, ni kuma in ji yunwa, sai mu ga wadda za ta riga gajiya." Ta faɗe shi da wasa, amma ba ta yi dariya ba.

Da zan tafi ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Na ji tana lalube a cikin kwando. Ta fito da ɗan ƙullin garin kuka, ta miƙo mini.

"Ungo, kai wa tsohuwar nan, ki ce..." Sai ta tsaya, ta dubi hannuna, ta dubi ƙullin. Ta janye. "A'a, bari. Ba a kai shi a hannu."

Hanya biyu ce tsakanin gidan Iya da namu. Akwai ta bayan gari, ta cikin gonaki, inda dawa ta yi tsawon da ko mai raƙumi ba za a gani ba. Akwai ta kasuwa, wadda ta bi ta ƙofar gidan kallo, ita ce kuma akushi ya saba bi tun kafin a haifi Baffa. Na koma ta cikin gonaki, ina tafe ina faɗa da Baffa a zuciyata, ina ba shi amsoshin da ban ba shi ba, har da mai wushiryar da ban taɓa gani ido da ido ba.

Na tarar an ɗora tukunya. Na mirgino turmi zuwa gindin rumbu, na hau, na ture dutsen. Akushin ya fi yadda na san shi sauƙi, rana da ruwa sun shanye shi. Zanzaro ya gina ɗaki a ciki. Na kankare da tsinke, na wanke da toka, na goge tsatsar gwangwanin da yashi har ja-jan tumatir ɗin ya ɗan fito. Na lakato man gyaɗa a bakin kwalba na shafe shi, Inna tana gani ba ta hana ni ba. Faifan yana rataye a bayan ƙofar Kaka, na shiga na ɗauko.

Duk abin nan Kaka tana zaune ta ba ni baya. Amma na ga hannunta ya tsaya a cikin tafasar.

"Takwara, wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Daga ina kike tun ɗazu?"

"Gidan Iya."

"Tana nan?"

"Tana nan. Kaza tana wanka a murhunta."

Kaka ta ajiye tiren a ƙasa a hankali.

"Ta ce a gaya mini wani abu?"

"Ta ce marowaciya ce ke."

"Ita ta faɗa? Mai miyar da ake alwala da ita?" Muryarta ta ɗan tashi, sai kuma ta faɗi. "Za su buɗe, takwara. Ba tafiyar nake tsoro ba, dawowar. Ke da ko sallama ba a jin ki, ke za ki hana ƙattin nan?"

Ban san ko zan iya ba. Daga tsakar gidanmu ana jin lasifikar Baffa, an sake mayar da fim ɗin daga farko. Inna ta fara kwashe tuwo, tana jera malmala a ƙwarya, tana satar kallonmu. Na je na durƙusa a gaban Kaka, na ajiye akushin a tsakaninmu, na ɗora faifan a kan cinyata.

"Kaka, ki sa wa Iya nata a nan, da hannunki, yadda kika saba. Ni zan kai, ni zan dawo da shi, a kafaɗa. Kuma don Allah kada ki ce in bi ta gonaki. Ki bar ni in bi ta kasuwa."